Tsohon babur da takardunsa: lissafin katgiris da inshora a arewacin Kamaru

A gidaje da yawa a Garwa, Marwa da Ngaundere akwai tsohon babur jingine a zaure ko a bayan ɗaki: Honda CG125 ta farko-farko, Super Cub C70, Yamaha YB100, Suzuki A100, Besfa, ko mobilet ɗin Peugeot 103 da mai gidan ya hau zamanin samartaka. Tayar da irin waɗannan injuna ba wuya gare shi ba, makaniki mai hannu zai sa su yi tari su tashi cikin kwana biyu. Inda ake tuntuɓe shi ne takardu, domin babur ɗin da ya shekara 40 ya wuce ta hannu huɗu ko biyar, kuma galibi sunan mutum na farko ne har yanzu a jikin takardarsa.

Ka fara cire rai da rangwamen tsufa. A Faransa babur da ya haura shekara 30 yana iya samun takardar rajista ta musamman ta kayan tarihi, kuma masu kallon bidiyon Turawa sukan zaci a nan ma haka abin yake. A teburin mai inshora a Garwa, abin da ake dubawa shi ne ƙarfin injin, wato dokinsa, da irin aikin da babur ɗin yake yi. CG125 ta 1978 da sabuwar 125 ta Sin da aka kwance daga kwali jiya, ma'auni ɗaya ake auna su da shi. Kuɗin kuma kashi biyu ne da bai kamata a cakuɗa su ba: akwai na gyara takardu, wanda sau ɗaya ake biya amma yana da nauyi, akwai kuma na kowace shekara.

Lambar shasi kafin komai

Kada ka biya ko dala kafin ka ga lambar shasi da idonka. A wurin hukuma wannan lambar ita ce babur ɗin, sauran duk ƙarfe ne da ake iya sauyawa. A CG125 da yawancin baburan Japan masu tanki a gaba, tana buge a wuyan firam, inda kan babur yake juyawa. A Besfa PX sai ka cire murfin gefen dama, ɓangaren injin, za ka gan ta a jikin firam ta baya, tana farawa da VNX1T ko VNX2T idan 125 ce, VLX1T idan 150 ce.

Goge wurin da tsumma da ɗan kananzir. Kada ka sa fayil ko takardar yashi mai kaushi, domin duk alamar gurza a wannan wurin jandarma zai karanta ta a matsayin sata. Shafa alli a kai ka share da yatsa, farin zai zauna a cikin ramukan lambobin su fito sarai. Sai ka ɗora farar takarda ka goga fensir a kwance har lambar ta bayyana a jikinta, ka ajiye wannan takardar tare da hoton waya. Yanzu ka kwatanta da katgiris, wato takardar mallakar babur, harafi bayan harafi. Inda aka fi samun kuskure shi ne tsakanin 0 da O, 8 da B, 5 da S, 1 da 7. Idan lambobin jikin ƙarfen ba su jeru a layi ɗaya ba, ko zurfinsu ya bambanta, ko ka ga tabon walda kewaye da wurin, an taɓa su. Bar wannan babur ko da kyauta ne, sai dai in kayan gyara za ka cira.

Wani abu da ke rikita masu tsofaffin babura: lambar shasi mai harufa 17 da kowa ya saba gani yanzu ta zama ƙa'ida ne daga wajen 1981. Baburan da suka girme ta lambarsu gajera ce. Ma'aikaci matashi yana iya cewa lambar ba ta cika ba, wani ma ya ƙara sifili a gaba don ta cike gurbin kwamfuta. Roƙe shi ya rubuta ta yadda take a jikin ƙarfen, ka nuna masa takardar fensir ɗin nan. Sifili biyu da aka ƙara yau, su ne za su tsayar da kai a shingen Figil shekara uku masu zuwa.

Mayar da katgiris zuwa sunanka

Aikin katgiris na ofishin sufuri na yanki ne. Lambar da za a ba ka tana farawa da NO a yankin Arewa, EN a Arewa Mai Nisa, AD a Adamawa. Yawan wahalar ya danganta da yadda babur ɗin ya zo hannunka.

Idan saye ka yi daga wanda sunansa ke jikin katgiris, abin da sauƙi. Ku rubuta takardar ciniki mai ɗauke da sunayenku, lambobin katin ɗan ƙasa, samfurin babur, lambar shasi da farashi, ku je tare a tabbatar da sa hannun a hukumance. Kowane tambur na takarda sefa 1,500 ne tun Janairun 2023, da can 1,000 ne. Haɗa da tsohuwar katgiris ta asali da kwafin katinka. Kuɗin katgiris ɗin kansa ana lissafa shi ne bisa dokin injin, shi ya sa na ƙananan babura ba ya kai na mota kusa. Karɓi rasit na kowane abu da ka biya.

Matsalar ita ce tsohon babur ba safai yake zuwa haka ba. Wanda ya sayar maka ya saya ne wurin wani, shi ma wurin wani, kuma duk cikinsu babu wanda ya sauya suna. A nan kana buƙatar takardar ciniki ta kowane hannu, a jere, tun daga mai sunan har zuwa kanka. Idan ɗaya ta ɓace, hanya mafi tsabta ita ce a nemo mai sunan asali ya sa hannu kai tsaye. Wannan aikin a ɗora shi a wuyan mai sayarwa tun ana ciniki. Ka ce masa: "Alhaji, na yarda da farashin, amma rabi zan ba da yau, rabi ranar da muka fito daga wurin sa hannu." Wanda takardunsa ke da kyau ba ya jin zafin wannan magana.

Babur ɗin gado kuma nasa daban ne. Mahaifi ya rasu, 'yan'uwa sun ce kai ka riƙe Besfar Baba, kowa ya yarda, an shafa fatiha. A gida magana ta ƙare, a ofis ba ta ma fara ba. Za a nemi takardar shaidar rasuwa, da hukuncin kotu da ya bayyana magada, da rubutacciyar yardar sauran cewa babur ɗin ya zama naka. Idan an riga an yi wannan hukunci saboda gida ko fili, kwafinsa ya wadatar, ba sai an sake sabo ba. A ganinmu ya fi kyau a yi wannan tun ana ga-maciji, domin babur ɗin da ba wanda ya kula da shi yana cikin ƙura, ranar da aka yi masa fenti ya fito yana walƙiya sai a tuna cewa na kowa ne.

Sai wanda ya shigo daga Najeriya. Tsofaffin Honda da Besfa da yawa a nan ta Mubi, Banki ko Yola suka biyo, wasu har yau da tsohuwar lambar can. Takardun Najeriya ba sa zama katgiris ɗin Kamaru. Sai an bi ta duwan, wato kwastan, an biya kuɗin fito, an ba ka takardar shaidar biya, sannan ofishin sufuri zai saurare ka. Je ka duwan ka ji abin da za su yanka kafin ka saya, saboda a kan ƙaramin babur kuɗin fito da zirga-zirga suna iya cinye duk arahar da ta ja ka. A Arewa Mai Nisa kuma, tun da aka tsaurara dokar babura a 2014 saboda rikicin Boko Haram, babur marar lamba ba abin wasa ba ne a hanya.

Idan katgiris ɓata ta yi, mai sunan ne zai kai rahoton ɓata a ofishin 'yan sanda ya nemi kwafi. Kai mai saye ba za ka iya nema a madadinsa da baki kawai ba. Katgiris ta yanzu tana da wa'adin shekara 10, saboda haka raba abin da ka kashe gida goma, ka san rabon kowace shekara.

Inshorar dole, da abin da ba ta biya

Kamaru da Chadi duk suna ƙarƙashin dokar inshora ɗaya, ta CIMA, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Sashe na 200 ya wajabta wa duk abin hawa mai inji inshorar ɓarnar da zai yi wa wasu. Ita ce asirans ɗin da ɗan sanda ke tambaya. Mobilet ma tana ciki.

Ga inda mutane suka fi ruɗewa. Wannan inshorar tana biyan wanda ka buge, da motar da ka fasa wa fitila, da wanda ka goya. Ba ta biyan babur ɗinka, ba ta kuma biyan kai direba. Idan ka zame a yashi ka karya ƙafa, tankin CG ɗinka na asali ya lotse, asibiti da mai gyaran tanki duk daga aljihunka ne. Don haka akwai ƙari biyu da suka cancanci kuɗinsu. Na farko shi ne na raunin direba, wanda ke biyan magani har zuwa wani adadi da aka rubuta. Na biyu shi ne na kariya da bin haƙƙi, inda kamfanin zai bi maka kuɗinka idan wani ne ya buge ka. Tambayi farashin kowanne daban, ka duba iyakar abin da na farkon ke biya, domin wani adadin ko hoton ƙashi da ɗauri ba zai rufe ba.

Tun 2011 sashe na 13 ya hana inshora bashi: sai ka biya take fara aiki. Wanda ya ce ka tafi da takarda ka kawo kuɗi ƙarshen wata, takarda kawai ya ba ka.

Faɗi gaskiya a kan aikin babur ɗin. Na hawan kai farashinsa daban da na kilando, wato haya. Idan ka rubuta hawan kai, sannan ka ba yaro yana ɗaukar fasinja da yamma, ranar da aka yi haɗari kamfanin zai iya cewa ka yi ƙarya da gangan, kuma doka ta ba shi damar rushe yarjejeniyar ya riƙe kuɗin da ka biya. Haka batun lasisi: ana son parmi na rukunin A. Idan wanda ke tuƙi ba shi da shi, kamfanin zai biya wanda aka raunata, sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Goyon mutum biyu ko uku ma ƙofa ce da kake buɗe masa.

Sauyin inji ya shafi masu tsofaffin CG musamman, tunda injunan Sin da aka kwaikwaya daga gare ta suna zama a firam ɗinta ba tare da wahala ba. Idan ka sauke 125 ka ɗora 150, ƙarfin ya sauya, kuma doka ta ba ka kwana 15 ka sanar da kamfanin a rubuce. Tsohon injin kuwa kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Zuba masa baƙin mai ta ramin fulogi, toshe bakin karbureta da na salansa da tsumma, ka ajiye. Rabin darajar babur ɗin yana jikinsa.

Yadda ake karanta rasit

Kada ka karɓi jimilla a baki. Rasit na gaskiya yana nuna layi-layi: ainihin kuɗin inshora, kuɗin buɗe takarda, harajin TVA wanda a Kamaru kashi 19.25 cikin ɗari ne, sai kuɗin kati mai ruwan hoda, wato shaidar inshora ta ƙetare iyaka. A ce, don misali kawai, an rubuta ainihin kuɗi 20,000, kuɗin takarda 2,500. Sun zama 22,500. Harajinsu 4,331. Jimilla 26,831 kafin a ƙara sauran. Ka buga naka lissafin a waya a gaban mai teburin. Idan abin da aka ce ka biya ya haura abin da ke rubuce, tambayi sunan layin da bambancin ya shiga.

Binyet kuma, wato harajin abin hawa na shekara, tun Janairun 2017 ba a zuwa sayen ta daban, kamfanonin inshora ke karɓar ta tare da kuɗinsu. Idan ka ga layinta a rasit ɗinka, ka sani ta shekara ce, ana karɓar ta gaba ɗaya a biyan farko. Wanda ke yin inshorar wata uku-uku ya riƙe rasit ɗin farko, ya nuna shi a zagaye na biyu don kada a sake cajinsa.

Maganar wata uku-uku ta kawo mu ga wata dabara da ba ta da riba yadda ake zato. Gajeren wa'adi ya fi tsada idan aka auna da wata, kuma kowane zagaye sai ka sake biyan kuɗin takarda. A misalin da ke sama, zagaye huɗu na nufin 10,000 a kuɗin takarda kaɗai maimakon 2,500, ban da harajinsu. Gajeren wa'adi yana da amfani ne ga wanda da gaske yake jingine babur ɗin, misali ya hau shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin sanyi, ya rufe shi duk damina. Amma mai irin wannan tsari ya san cewa fita ɗaya ranar hawan salla ba tare da takarda ba tana iya kai babur ɗin furiya, inda hukuma ke tsare abin hawan da ta kama, kuma kwana uku a can a rana, ana jibga wasu baburan a kansa, sun isa su lalata fentin da aka yi wata biyu ana yi.

Sayi inshora a ofishin kamfani ko wurin wakilinsa mai izini. 'Yan kamasho da ke tare mutane a bakin ofisoshi wasunsu na gaskiya ne, wasu kuma takardar bogi suke bugawa, ba ka ganewa sai ranar da ka kai ƙara aka ce lambar ba ta cikin rajista. Kafin ka tashi daga teburin duba abu huɗu a jikin takardar: sunanka, lambar babur, lambar shasi, da ranar farawa da ƙarewa.

Sata da gobara

Nan ne tsufan babur ke juyowa ya cije ka. Ƙa'idar inshora ita ce ba a biyan ka fiye da darajar abin a ranar da ya salwanta, kuma darajar da ake nufi ita ce ta kasuwa bayan an cire tsufa. A idon mai kimantawa, Super Cub mai shekara 45 ta gama zubar da darajarta tuntuni, ko da ka kashe mata dubu ɗari huɗu a fenti da kayan asali. Kamfanoni da yawa ma ba sa karɓar inshorar sata ko ta kowace ɓarna a kan abin hawa da ya tsufa haka.

Hanya ɗaya ce ke sa wannan inshorar ta yi ma'ana: a amince da daraja tun farko. Ƙwararren mai kimantawa da kamfanin ya yarda da shi ya duba babur ɗin, ya rubuta rahoto da hotuna, a sa wannan adadin a cikin yarjejeniyar. Kuɗin mai kimantawa kai za ka biya. Idan kamfanin ya ƙi rubuta adadin, kada ka sayi wannan ɓangaren. Kai kuɗin wurin maƙeri ya dasa maka zobe na ƙarfe a cikin siminti a ɗakin da babur yake kwana, ka sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo biyu. Ajiye rasit na kowane kayan gyara a leda ɗaya, domin ko wani ne ya buge ka, da su za ka yi jayayya a kan abin da za a biya.

Idan abu ya faru, lokaci gajere ne. Haɗari ana sanar da kamfani cikin kwana 5 na aiki, sata cikin awa 48. Kada a ɗaga babur daga wurin haɗari kafin 'yan sanda su auna, ko jandarmomi idan a wajen gari ne, sai dai mai rauni a gaggauta kai shi asibiti. Sulhun bakin hanya da ka sa hannu kana cewa laifinka ne ba ya ɗaure kamfanin.

Ƙetare iyaka

Kati mai ruwan hoda na ƙasashen CEMAC shida ne: Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Gini Ikwatoriya. Mai tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Njamena da shi zai nuna cewa inshorarsa na aiki a can. Karɓe shi a hannu, kada ka bari ya tsaya a layin rasit kawai. A Najeriya ba ya aiki, can katin ECOWAS mai ruwan ƙasa ake sani, don haka mai zuwa Mubi neman kayan gyara ya fi masa sauƙi ya bar tsohon a gida ya hau mota.

Abin da ya rage na shekara

Takardu ba su ne babban kashin ba idan ana hawan babur ɗin. CG125 mai lafiya tana shan kusan lita 2.5 a kilomita 100. Kilomita 3,000 a shekara lita 75 ke nan, kuma a farashin gidan mai na sefa 840 da aka sa a Fabrairun 2024, ya kama 63,000. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, ba ya da arahar da yake da ita kafin Najeriya ta cire tallafi a 2023, ga ruwa da datti da yake zuwa da su. In dole ne, tace shi da ƙyalle mai laushi, ka sa ƙaramar matata a bututun mai.

Ƙurar hunturu da zafin Maris zuwa Mayu suna sa a sauya baƙin mai da wuri, duk kilomita 1,000 zuwa 1,500. CG tana ɗaukar kusan lita ɗaya, Cub ƙasa da haka. Masu injin da ake gauraya wa mai su auna da sirinji, kada su zuba da ido: Besfa PX kashi 2 cikin ɗari, wato mililita 20 a kowace lita. Ƙarancinsa ne ke sa fistin ya kama a tsakiyar hanya da rana tsaka. Fulogi ɗaya a shekara, D8EA ga CG, C7HSA ga Cub. Batir mai bolt 6 ya fara wuya a kasuwa, idan ka samu mai kyau cire shi daga babur duk lokacin da za ka jingine shi fiye da wata. Taya kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, mako da shekarar da aka yi ta ne: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara shida a wannan zafin ta bushe ko da zanenta bai goge ba.

Tunda babu kamfanin da zai biya maka tanki ko fitilar asali, ware wani abu duk wata daidai da abin da za ka iya, ka ɗauke shi a matsayin inshorar babur ɗin kansa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ranar da ka sayar da shi, rubuta wa kamfanin inshora ka gaya masa ranar cinikin. A dokar CIMA inshorar tana tsayawa da kanta daga kwana na biyar bayan sayarwa, saboda haka ka gaya wa mai saye kada ya dogara da sauran watannin da ke jikin takardarka. Riƙe kwafin takardar ciniki da aka tabbatar, kuma ka matsa masa ya sauya katgiris, domin muddin sunanka ne a jiki, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa idan babur ɗin ya yi ɓarna a Gidar ko Yagwa.